Yadda Ake Fara Rainon Malami Tun Yana Ajin SS 1

Yawancin yaran da ke shiga kwalejin ilimi a wurarenmu ba malanta suka nufa ba tun farko. Likitanci suka cike, ko lauya, ko aikin banki. Makin JAMB bai kai ba, sai wani kawu ya ce, "To ɗana, je ka yi NCE mana kafin Allah ya kawo wata hanya." Bayan shekara uku a miƙa masa alli da aji cike da yara, a ce ya koya musu karatu. Na daɗe ina koyarwa a sakandare a nan Argungu, kuma ra'ayina a kan wannan ba shi da kwana-kwana: wanda zai zama malami a gano shi tun yana SS 1, a tsayar da shi gaban aji tun bai cike fam ɗin JAMB ba. Da 'yan'uwana malamai nake magana, amma iyaye da ɗaliban kansu za su samu abin ɗauka.

A Amurka akwai wani tsari da ya sa na fara wannan tunani. Ɗalibi yana sakandare sai ya ɗauki darasi na matakin kwaleji, in ya ci a rubuta masa makin sau biyu, a takardarsa ta sakandare da kuma ta kwalejin da zai shiga. Galibi wata kwaleji da ke kusa ce ke haɗa kai da makarantar, kuma a jihohi da dama kyauta ne ko da rangwame. Masu sha'awar malanta suna ɗaukar darussa irin su gabatarwa ga aikin koyarwa da yadda yaro ke girma da fahimta, sannan a tura su firamare su zauna su ga yadda ake aikin, har su ɗan taɓa. Jihar Karolina ta Kudu ta fara nata shirin mai suna Teacher Cadet tun 1985. Ribar a bayyane take: yaro ya rage lokaci da kuɗin kwaleji, kuma ya san ko aikin nasa ne tun kafin ya yi nisa.

Mu ba mu da wannan a Nijeriya, gara in faɗa a fili. Duk abin da yaro zai yi a ƙarƙashin abin da zan bayyana, babu kwalejin da za ta rage masa zango ko guda saboda shi. Amma tunanin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Makarantun horon malamai na Giredi II abin da suke yi ke nan: yaro ya gama firamare ya shiga, ya yi shekara biyar yana karatun sakandare haɗe da koyon koyarwa, ya fito da takardar aiki. Malam Aminu Kano ya shugabanci makarantar horon malamai ta Maru a ƙarshen shekarun 1940, Alhaji Shehu Shagari kuma ya riƙe makarantar firamare a garin nan namu a farkon shekarun 1950. Da aka ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, irin waɗannan makarantu ne suka cika azuzuwa da malamai. Daga baya aka mayar da NCE mafi ƙarancin takardar da za a koyar da ita, Giredi II ta kau. Ba na cewa a dawo da ita yadda take, don ilimin da aji ke bukata yau ya wuce na wancan lokaci. Amma ta tafi da abu guda mai daraja, wato sabo da aji tun ana ƙarami. Wannan shi ne abin da malami ɗaya mai himma zai iya dawo da shi a makarantarsa.

Gano yaron

Kada ka tsaya a taron safe ka ce masu son zama malamai su ɗaga hannu. Kaɗan ne za su ɗaga, sauran kuma za su yi musu dariya. Ido za ka sa. Akwai yarinyar da in ka fita aji, ƙawayenta ke zagaye ta don ta sake yi musu bayanin abin da ka faɗa. Akwai yaron da a Islamiyya da yamma shi ake bar wa ƙananan yara ya biya musu. Akwai wanda ƙannensa ba sa yin aikin gida sai ya dawo. Waɗannan sun riga sun fara, ba su dai sani ba.

Ba lallai ne ya zama na ɗaya a aji ba. Na sha ganin mai kaifin ƙwaƙwalwa da ba ya iya jure wanda bai gane ba, ana tambayarsa sau biyu ransa ya ɓaci. Wanda ya sha wuya kafin ya fahimci lissafi ya fi sanin inda yaro ke tuntuɓe. Amma kada wannan ya zama uzurin tara raunana. Wanda ba ya iya karanta shafi guda na Turanci ya faɗi ma'anarsa da Hausa, a fara gyara masa wannan tukuna.

Ka ɗauki kaɗan, shida zuwa takwas, maza da mata. Ka kira su ɗaya bayan ɗaya, ka gaya wa kowa abin da ka gani a tare da shi. Yaro ba ya manta ranar da malaminsa ya ce masa, "Na lura kana da baiwar fahimtar da mutane."

Sai izini. Ka fara da shugaban makarantarku, sannan iyaye, kuma su iyaye ka je ka same su da kanka, musamman na 'yan mata. Uba zai tambaye ka, "Malam, ina za a kai ta, wa zai raka ta, yaushe za ta dawo?" Ka riƙe amsoshin nan a hannu kafin ka yi sallama. Daga nan ka nemi hedimastan firamare mafi kusa, wadda za a iya zuwa da ƙafa, shi kuma ya sanar da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Takarda guda mai sa hannu da hatimi tana kashe maganganu da yawa.

Shekarar farko ta kallo ce

A SS 1 ban yarda yaro ya riƙe alli ba. Sau ɗaya a mako, ko a mako biyu in jadawali ya matse, ya je ya zauna a bayan aji da littafi. Kallo ba tare da tambaya ba zaman banza ne, don haka kowace ziyara ka ba shi abu ɗaya tak da zai lura da shi. Yau ya ƙirga sau nawa malama ta yi tambaya, da su wa ta tambaya, na gaba ko na baya, maza ko mata. Wani makon ya lura da abin da take yi in yaro ya ba da amsar da ba daidai ba. Wani makon ya zaɓi yaro guda da ba ya magana, ya bi shi da ido har a tashi.

Idan sun dawo ku zauna rabin awa a gindin bishiya kowa ya faɗi abin da ya gani. Doka ɗaya nake kafawa: ba a ambatar sunan malami, ba a kushe shi. Wanda ya buɗe maka ajinsa ya yi maka alheri, kuma ranar da labari ya koma masa cewa 'yan sakandare na yi da shi, ƙofar ta rufe ke nan.

Ka ja su wurin malamin da ya iya, ko da ba shi da babbar takarda. A kusan kowace firamare akwai wata dattijuwar malama da 'yan aji ɗaya ke fitowa daga hannunta suna haɗa baƙi. Zama a ajinta ya fi lacca goma.

SS 2, ranar riƙe alli

Nan ne aikin yake, kuma nan zan daɗe. Ɗan masunci ba ranar bikin kamun kifi yake fara shiga kogin Matan Fada ba, tun yana ƙarami yake bin ubansa da gora a bakin ruwa. Haka za ka bi da yaron nan. Ya fara da minti goma, a gaban 'yan'uwansa na ƙungiya, su zama 'yan aji uku shi ya zama malam. A kwaleji ma haka ake yi kafin a tura ɗalibi makaranta, ƙaramin darasi a gaban abokan karatu, a gyara masa, ya sake. Sai ya yi wannan har muryarsa ta daina rawa kafin ya tsaya gaban yara na gaske.

Kafin kowane darasi sai ya rubuta shirinsa a shafi ɗaya, ka duba ka sa hannu. Ba sai ka cika shi da manyan kalmomi ba. Ya rubuta abin da yake so yara su iya yi in an tashi, abin da suka riga suka sani wanda zai ɗora a kai, kayan da zai shiga da su, matakan da zai bi, da tambayoyi uku da zai gane ko sun fahimta. Wurin da suka fi kuskure shi ne na farko. Za su rubuta "yara su san rabi da kwata". Ka mayar masa ka ce, ta yaya za ka ga sani? Ya gyara ya ce "yara su raba kara gida huɗu daidai, su nuna kwata ɗaya". Wanda ya kama wannan bambanci tun yana ɗan shekara goma sha shida ya wuce wasu masu digiri.

Bari in kawo abin da na gani da idona. Wani yaro a cikin nawa ya shiga aji uku da damin karan dawa a hammata, ya yanka su tsawo ɗaya tun a gida. Ya raba wa kowane benci ɗaya. Minti biyun farko allo yake yi wa magana, ya juya wa yara baya, muryarsa ba ta wuce layin gaba. Malamar ajin tana zaune a gefe, sai ta yi masa alama da hannu ya juyo. Ya juyo, ya ɗaga kara ya karya shi biyu, ya ce kowa ya yi haka. Aji ya cika da ƙarar karya kara. Suka yi rabi, suka yi kwata. Sai wani ɗan ƙarami a can baya ya ɗaga guntunsa ya ce, "Malam, in na ƙara karya wanga biyu, mi ne sunanai?" Babu wannan a shirin darasi. Yaron nawa ya yi tsaye, ya dube ni. Ban ce komai ba. Can sai ya ce, "To, kowa ya karya, mu ƙirga guda nawa za su zama." Suka ƙirga takwas, ya rubuta ɗaya bisa takwas a allo. Da muka fito rigarsa ta jiƙe da gumi, amma tambayar da ya fara yi mini ita ce yaushe zai sake shiga.

Wannan tambayar nake jira daga kowane yaro. Wani kuwa zai fito ya ce, "Malam, ni kam ba zan iya wannan ba." Kada ka matsa masa. Ya gano gaskiya da wuri, ya tsira da shekara uku da kuɗin ubansa, yaran da zai koyar ba da so ba su ma sun tsira.

Akwai iyakokin da ba a tsallakewa. Malamin ajin ba ya fita ya bar ɗan sakandare shi kaɗai da yara, ko na minti biyar. Ɗalibi ba ya riƙe bulala, ba ya sa yaro kneel ko kamun kunne, ba ya ba da makin jarrabawa. Kuma a kula da wani abu da ke faruwa cikin sauƙi a makarantar da malamai suka yi ƙaranci: hedimasta ya ga yaro ya iya, sai ya so ya damƙa masa aji gaba ɗaya. A'a. Ɗalibi ne, yana da tasa jarrabawar a gaba. Darasi ɗaya a mako ya isa, in kuma ana son ƙari a bari sai dogon hutu.

Wajen gyara, ka fara da abin da ya yi daidai, sannan ka faɗi abu ɗaya da zai canza, ba biyar ba. Yau murya, gobe rubutun allo, jibi yadda ake jira bayan an yi tambaya maimakon a amsa wa kai. Kuma a ba kowa littafi mai bango mai ƙarfi, ya riƙa rubuta kwanan wata, aji, darasi, da sa hannun malamin da ya duba shi. Littafin nan ba takardar shaida ba ce, hukuma ba ta san da shi ba. Amma ranar da ya je koyarwar gwaji a kwaleji, ko ya zauna gaban masu ɗaukar aiki, zai san amfaninsa.

SS 3 da maganar takardu

A shekarar ƙarshe ka janye su daga firamare. WAEC da NECO ne aikinsu, ko jarrabawar NBAIS ga 'yan makarantun Larabci da addini. Sharuɗɗan shiga kwaleji sukan canza, don haka a duba littafin JAMB na shekarar da sanarwar kwalejin. Ni abin da nake gaya wa nawa ba ya canzawa: ku nemi kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya in da hali, kada ya wuce biyu. Ko an karɓe ka NCE da ƙasa da haka, ranar da ka nemi digiri za a tambaye ka su, kuma komawa rubuta Lissafi da iyali a wuya abu ne mai ɗaci.

Hanya biyu ce. Ko NCE ta shekara uku, ko digirin ilimi na shekara huɗu a jami'a kai tsaye. Mai NCE da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a daga aji biyu ta fam ɗin JAMB na masu shiga kai tsaye. Mu a nan muna da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a cikin gari. A Zamfara akwai ta jiha a Maru, da ta tarayya ta koyon fasaha a Gusau wadda ta mata ce zalla, abin da ke kwantar da hankalin iyaye da yawa. Ga ta Shehu Shagari a Sakkwato, ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Wata doka ta 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu tare da NCE. Wanda aure ko noma ya hana shi zama a makaranta, akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna, da ke koyarwa daga nesa a cibiyoyinta na jihohi. Duk inda za a je, a tabbatar hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi ta amince da kwalejin da kuma kwas ɗin, musamman masu zaman kansu da ke tsirowa.

Zaɓen darussan da za a haɗa a NCE yana bukatar zama na musamman, don yara kan bi abokai ne kawai. Kowa ya tafi inda ya ga sauƙi, a fito a yi cunkoso, alhali makarantu na neman malamin Lissafi da Kimiyya da Turanci ido rufe. Wanda kallon da ya yi a SS 1 ya nuna masa ƙananan yara yake so, ya ɗauki ilimin firamare ko na rainon yara da saninsa, kada ya ji kunya. Koyar da ɗan shekara shida karatu shi ne mafi wuya a duk aikin nan, kuma a ganina shi ya fi kowanne lada.

Ka kuma sanar da su tun yanzu cewa takardar kwaleji ba ita ce ƙarshe ba. Akwai rajista da TRCN, hukumar da dokar 1993 ta kafa, wadda ke yi wa malamai jarrabawar cancanta ta ba su lasisi. Jarrabawar a kwamfuta ake yin ta, kamar ta JAMB, don haka yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba a nema masa hanya tun yana sakandare.

Abin da za ka gaya wa iyaye

Za su yi maka maganar albashi, kuma suna da gaskiya. Kada ka yi musu ƙarya. Albashin malamin firamare kaɗan ne, ƙarin girma yana jinkiri, da yawanmu da gona ko 'yar sana'a muke cikawa. Na fi so yaro ya ji wannan daga bakina yana SS 2 da ya gano shi bayan ya kama aiki. A ɗaya gefen, dokar 2022 ta kai shekarun ritayar malami zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, kuma takardar koyarwa tana buɗe ƙofar makarantu masu zaman kansu da ƙarin karatu.

Hujjar da na ga ta fi shiga zuciyar dattawa ita ce ta ɗan gari. Tun bayan sace ɗalibai a Jangebe da Birnin Yawuri a 2021, kowa ya san yadda tura malami ƙauye ya ƙara wuya. Baƙo yana zuwa da tunanin ranar da za a mayar da shi birni. Ɗan ƙauyen kuwa nan gidansu yake, nan gonarsu take, ya san uban kowane yaro, in yaro ya daina zuwa ya san ƙofar da zai buga. Malama 'yar gari ita ce ke sa uba ya bar 'yarsa ta wuce aji huɗu. Mu mutanen ƙasar Gwandu da Kabi mun gaji wannan, don tun zamanin Nana Asma'u jajis, wato mata jagororin karatu, ke fita daga cikin matan ƙauye su koyo su koma su koyar da 'yan'uwansu.

Ga shugabannin makarantu kuma, akwai matakin da ba ya cin ko kwabo. A rubuta wa shugaban kwalejin ilimi mafi kusa, a roƙi abu biyu: a bar 'yan ƙungiyar su je su kalli ɗaliban NCE suna gwajin ƙaramin darasi sau ɗaya a zango, kuma in an turo masu koyarwar gwaji makarantarku, a haɗa kowane ɗaya da ɗalibi guda da zai riƙa taya shi shirya kayan darasi. Maganar a ƙirga wa yaro wannan aiki a matsayin maki a kwaleji ta fi ƙarfin shugaban makaranta, sai NCCE da ma'aikatar ilimi sun zauna a kai. Amma in ranar zaman ta zo, makarantar da ke da littattafan yara masu kwanan wata da sa hannu ita ce za ta sami abin ajiyewa a kan tebur. A rubuta wasiƙar a farkon zangon farko, kafin kwaleji ta gama raba ɗalibanta zuwa makarantu.